Tita Regla, Mai Tsaron Farcen Masu Jita

A layinmu na unguwar Santiago, a nan Jerez, ba mu buƙatar agogo da safe. Ƙofar shagon Regla Barea ta ishe mu. Ƙofar ƙarfe ce irin wadda ake turawa sama, kuma tun ina da gashi a kaina take wannan kuka nata, mai ita ta hana a ɗiga mata mai. Ta ce in ƙofar ta yi shiru, ta yaya maƙwabta za su san tana raye? Tana buɗewa takan share bakin ƙofa, ta ba furanninta ruwa, ta ɗora ɗan kwanon ruwa ya yi ɗumi. Sannan ta shimfiɗa farin tawul a kan tebur, ta jera kayan aikinta: ƙananan almakasai, magagari, sanfefa mai laushi, kwalbar gam, da wata tsohuwar kwalba cike da ƙananan ƙwallayen tanis na tebur. In ta gama sai ta leƙo shagona ta ce, "Fermín, kana nan, ko an binne ka ban ji ba?" In ce mata ina nan, mu tsallaka titi mu sha kofi da gasasshen burodi da man zaitun.

Ni mai gyaran jita ne, ita mai gyaran farce, bango ɗaya ya raba mu fiye da shekara talatin. Ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, domin yanar ido ta fara rufe mata gani, aikinta kuwa ba ya yiwuwa da lalube. Shi ya sa na zauna rubuta wannan. A garin nan an yabi mawaƙa, an yabi masu rawa, har mu masu goge katako akan tuna da mu jifa-jifa. Amma ban taɓa jin wani ya tsaya a kan dandamali ya ambaci Regla ba, alhali rabin jitar da ake kaɗawa a Jerez da farcen da ta gyara ake kaɗa ta. Abin yana ba ni haushi, kuma na gaji da haɗiye shi.

Da safe mata ne ke cika mata benci, masu son jan farce da hira. Sai rana ta yi tsaka sannan masu jita ke fara ɓullowa, ido a kumbure, kowanne ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Mai jitar filamenko, kiɗan gargajiyarmu, da farcen dama yake kaɗa tsirkiya, da shi yake ƙwanƙwasa katakon jitar yana riƙe kiɗa, don haka hannun nan shi ne gonarsa. Da hagu suke buɗe ƙofa, da hagu suke ɗaukar kofi, da hagu suke gaisawa, ko da limamin coci ne. Wanke kwano kuwa ko a mafarki. Wata rana matar wani mai jita, Nono Vargas, ta shigo a fusace wajen Regla, wadda kowa ke kira Tita, wato goggo, ta ce, "Tita, don Allah ki gaya min gaskiya. Ruwan wanke-wanke yana lalata farce, ko ƙaryar malalata ce kawai?"

"Yana lalatawa, 'yata," in ji Regla. "Amma tsintsiya ba ta lalata komai, kuma hagu ma tana iya riƙe ta."

Tun ranar Nono yake shara a gidansa, kuma har yau bai yafe mata ba.

In farce ya karye, sai ta ɗauko ƙwallo ɗaya daga kwalbar, ta yanko ɗan ɓallinsa daidai lanƙwasar yatsan, ta manna a ƙarƙashin abin da ya rage, ta goge har ka kasa gane inda na Allah ya ƙare, inda nata ya fara. Kowa ya san dabarar, har ni na taɓa gwadawa, na manne yatsuna biyu wuri ɗaya. Abin da ba kowa ke da shi ba shi ne sanin hannun kowane mutum: wannan yana karkata yatsa in zai kaɗa, wancan yana noƙe shi, kowanne da irin gugar da ta dace da shi. Ranar auren 'yarta ma ba a ƙyale ta ba. Ƙofar mota ta datse wa wani mai jita farce, alhali da yamma zai raka mawaƙi, ya zo ƙofar coci a guje. Duk wanda ya je bikin ya ga uwar amarya zaune a kan matakala cikin kayan ado, ta fito da gam daga jakarta, amarya na tsaye tana jira a ɗauki hoto.

Kuma tana da doka ɗaya da kowa ya sani. Hannu yana tona asiri: akwai wanda sha ya sa yatsunsa rawa, akwai wanda damuwa ta sa yana cin farcensa, akwai wanda ya naushi bango a gida. Duk tana gani, kuma abin da ta gani a kan farin tawul a kan tawul yake kwana. Ke ce, Regla, kika riƙe hannun mazan unguwar nan da asirinsu tare, ba a taɓa jin ɗaya a bakin kasuwa ba. Ni da nake maƙwabcinki, mai son jin labari, na sha zungurar ki, abin da nake samu kullum shi ne, "Sha kofinka, Fermín, yana hucewa."

Wannan doka ce ta kusa sa mu rasa abu mafi daɗi da aka kaɗa a garin nan a zamanina, kuma labarin da nake so in bayar ke nan.

Duk mai sauraron kiɗa yanzu ya san Balta da Griselda. Baltasar Peña ɗan unguwarmu ne, tun yana saurayi Regla ke riƙe da hannunsa. Griselda Tomassini kuwa 'yar Rosario ce ta Ajantina, mai kaɗa fiyano. Ta tashi da kiɗan tango a gidan kakanta, ta koyi jaz, ta yi shekaru tana kiɗa da 'yan Kuba kafin ta sauka a nan. 'Yar ƙaramar mace ce, amma in hannunta na hagu ya sauka a kan fiyano sai ka ce buhu ake saukewa daga mota. Sun haɗu a zauren ƙungiyar masoya filamenko ta unguwarmu, inda akwai wani tsohon fiyano da ba ya aikin komai sai ɗaukar kofuna. Ta kwashe kofunan ta zauna, Balta ya ja kujera. Ta saki tango mai nauyi, ya sare shi da kaɗin Jerez, ta juya shi zuwa rawar Kuba, ya bi ta ya dawo da ita gida. Dattawan da suka fara gunaguni cewa fiyano kayan coci ne, su ne aka kama suna buga ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Daga nan abu ya tashi. Su biyu kawai, ba mawaƙi, ba ganga, ana ta gayyatarsu gari gari. Abin da mutane suka fi so shi ne ƙarshen kowane kiɗa, inda jita kan yi ƙarfi, fiyano ya fi ta, jita ta ƙara, fiyano ya sake ƙarawa, har ɗaki ya ɗauka. Ana cewa yaƙi suke yi, ana tafi har hannu ya yi ja. Ni ma na yi tafin, kuma ban ga komai ba. Regla ce kaɗai ta lura cewa mutumin da ke zuwa mata jifa-jifa ya koma zuwa kusan kullum.

Lokacin idonta ya riga ya fara rauni, don haka in aiki ya yi tsanani nakan shiga in riƙe mata fitila. Ina riƙe da ita ranar da ta warware babban yatsan Balta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Kai Balta, da me kake kaɗa jitar nan? Da guduma?"

"Tita, ki manna kawai, ana jira na."

"In manna a kan me? Dubi nan. Farcen ya rabu da tsoka, ƙasan ya fara ruwa. In na ƙara zuba gam a wurin nan saiwar za ta mutu, in ta mutu kuwa ba wani farce da zai sake fitowa. Sai dai ka koma sayar da tikitin caca a bakin kasuwa."

"Sau ɗaya ya rage. Mu yi wasan da za mu yi a garin Cádiz, shi ke nan in bar ta."

"Ka bar wa?"

"Maestra." Haka yake kiran Griselda, wato malama, don girmamawa. "Zan ce mata dattawa sun matsa min in koma filamenko zalla."

"Wato ƙarya za ka shara mata."

"To me zan ce? Fiyanon nan yana cinye ni da rai, Tita. In ban doka da ƙarfi ba, ko ni ba na jin kaina. Ina dokawa kuma sai ta ƙara."

"Ba ka da baki? Ka ce ta rage mana."

Balta ya dube ta kamar ta zage shi. "Ni? In ce ta rage? Ubana ya ƙare rayuwarsa yana bin mawaƙa masu murya kamar jirgin ƙasa, bai taɓa ce wa ɗaya ya sassauta ba. Mai jitar da ya roƙi a rage masa, ai gara ya rataye ta."

"Ubanka bai taɓa zama kusa da akwati mai nauyin saniya ba," in ji Regla.

Duk wanda ya tashi a nan ya san Balta ba wauta yake yi ba. Haka aka koya musu: mai jita yana bin abokin kiɗansa duk inda ya je, in ya hau ya hau da shi, ba ya ƙorafi, ba ya neman sauƙi. Tarbiyya ce mai kyau a bayan mawaƙi, domin maƙogwaron mutum yana da iyaka. Fiyano ba shi da ita.

Sai Balta ya sunkuyar da kai, muryarsa ta sauka. "Tita, tunda nake ban taɓa yin kiɗan da nake so kamar wannan ba. Amma yatsa ɗaya gare ni. Ki rantse ba za ki gaya mata ba. Kai ma, Maestro Fermín."

Muka yi masa alkawari, domin dokar teburin ke nan. Regla ta wanke yatsan, ta ɗaure da bandeji, ta ce ya dawo gobe in kumburin ya sauka. Da ya fita na ga ta zauna ta zuba wa tawul ido, abin da ba ta saba ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na ga hanya biyu ne kawai: ko yaron nan ya rasa yatsansa, ko ya rasa kiɗan. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Fermín, gobe hannunka yana ciwo."

"Hannuna lafiyarsa lau."

"Na ce yana ciwo."

Griselda tana da al'adar jiran Balta a shagona kafin su tafi gwaji, ta zauna a kan benci da ɗan ƙoƙonta na shayin mate, tana zuƙa tana kushe min jitoci. Washegari tana zaune, Balta na can ciki, sai muka ji muryar Regla ta bango.

"Fermín! Zo ka riƙe min fitila!"

Na ɗaga murya na ce, "Hannuna yana ciwo!" Kuma ina faɗa ina riƙe da guduma, don ban iya ƙarya ba.

"To turo min 'yar Ajantinan nan, ai tana da hannu biyu!"

Griselda ta ajiye ƙoƙo ta tashi, ni kuma na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Balta ya so janye hannunsa, amma Regla ta riga ta damƙe wuyan hannun, kuma tsohuwar nan tana da riƙo. "'Yata, riƙe fitilar nan da hagu. Da dama ki tallafo min yatsan, idona ba ya gani sosai." Ta warware bandejin a hankali, ba gaggawa.

Griselda ta duba.

"Che, Balta, wa ya yi maka haka?" in ji ta, da "che" ɗin nan da mutanen ƙasarsu ke kiran aboki da shi.

"Ƙofar mota."

Ta juya hannun ta ga sauran yatsun, kowanne faci a kan faci. "Ƙofar mota ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya? Doña Regla, mene ne wannan?"

"Ni ina na sani? Ni farce nake gyarawa, ban san kiɗa ba. Matso da fitilar."

Griselda mai kiɗa ce, ba ta buƙaci a zana mata ba. Na ga fuskarta ta sauya a hankali.

"Ƙarshen kiɗan nan ne," in ji ta. "Inda kake dokawa. Balta, ba kira na kake yi ba?"

"Kira?"

"A wajenmu in abokin kiɗa ya ƙara ƙarfi, cewa yake zo mu hau! In ban bi shi ba na wulaƙanta shi! Duk lokacin da ka doka, ni murna nake, ina cewa mutumin nan ba ya gajiya, bari in ba shi abin da yake nema. Kafaɗata ciwo take duk bayan wasa, don kada in ba ka kunya!"

"Ni kuma so nake a ji ni kawai," in ji Balta, yana kallon ƙasa.

"To me ya hana ka faɗa?"

"A gidanmu ba a faɗa."

"A gidanku! To da yaya za ka yi? Ka ci gaba har yatsan ya guntule?"

Balta ya kawar da kai. Griselda ta dube shi, ta dubi Regla, ta dube ni a bakin ƙofa da gudumata, ni kuma na dubi silin.

"Tafiya za ka yi," in ji ta a hankali. "Za ka ƙirƙiro wani dalili ka bar ni, in zauna ina tambayar kaina me na yi." Ta ajiye fitilar a kan tebur, ta fita, ko ƙoƙonta ba ta ɗauka ba.

Balta ya miƙe tsaye yana huci. "Tita, kin yi min alkawari!"

"Na buɗe baki? Fermín, ka ji na ce wani abu?"

"Kin ce a matso da fitila," in ji ni.

"To ka ji. Zauna in ɗaure maka. Kuma gam dai ba zan sa ba, ko yau ko gobe. Sai sabon farce ya fito."

Bai zauna ba. Ya naɗe yatsan da hankici ya fice.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan aka rungumi juna. An soke wasan Cádiz. Griselda ta daina zuwa shagona. Balta kuwa, yaron da Regla ta riƙe tun bai fara aski ba, ya koma bin ɗaya gefen titi, ya wuce ƙofarta kansa a juye. Wannan ya yi mata ciwo, na sani, domin makonni ta yi ba ta tambaye ni ko an binne ni ba. Wasu masu jita ma suka fara ƙus-ƙus cewa teburin Tita ya fara yoyo. Na ce mata ta bar ni in fita in yi musu bayani, ta ce in na kuskura ta fasa min jita a ka. Abin da take yi kawai shi ne ta ba ni ɗan gwangwanin man shafawa in kai gidan su Balta, in ce daga kantin magani yake.

Ke ce, Regla, kika san abin da zai biyo baya kuma kika yi. Da kin manna masa farcen nan da ya gode miki, ya sumbaci goshinki, ya je Cádiz ya ƙarasa yatsansa. Kin zaɓi ya yi fushi da ke da yatsa biyar. Ban san mutane da yawa da za su iya wannan ba, kuma ni ba na cikinsu.

Abin da ya dawo da shi shi ne sabon farcen. Ya fara tsirowa, siriri, a karkace, kuma Balta ya san mutum ɗaya ce a duniya za ta iya daidaita shi. Ya shigo wata rana ba sallama, ya zauna, ya ɗora hannu a kan tawul. Ita ma ba ta ce masa sannu ba. Ta duba, ta ɗan goge gefe, ta ce, "Yana zuwa. Amma da saura, kada ka kuskura ka taɓa tsirkiya da shi."

"To in yi ta zama? Hannuna ƙaiƙayi yake, Tita."

"Kaɗa da tsoka mana. Ai yanzu ba ka da abin dokawa, girman kan ma ya huta. Je ka kaɗa mata da tsokar yatsa, ka ga ko kurma ce."

Zolaya ce take yi, ta sha faɗa min haka daga baya. Amma Balta ya ɗauka da gaske. Ya zo shagona ya karɓi ƙoƙon mate da ke ajiye a kan benci tun ranar, ya kai wa mai shi. Abin da suka ce wa juna ban sani ba, ba na wurin. Na dai san cewa wata yamma na bi ta zauren ƙungiya na ji wani abu da ya tsayar da ni a titi. Na leƙa. Griselda ta rufe murfin saman fiyano, ta shimfiɗa mayafi a kai don rage ƙara. Balta na kaɗawa da tsoka, sautin can ƙasa, mai taushi, ita kuma ta karkato kai tana nemansa da kunne, tana ajiye yatsunta a tsakanin nasa. Tango ne suke yi, amma irin wanda ban taɓa ji ba. Dā ina jin mutum biyu ne suna rige-rigen isa ƙofa, ranar kuwa na ji kowanne yana jiran ɗan'uwansa. Da suka kai ƙarshe, inda suka saba yaƙi, sai ta ɗauke hannunta na hagu gaba ɗaya, ta bar jita ita kaɗai ta rufe.

"Che, ashe haka kake da murya?" in ji ta.

"Ashe haka kike da kunne, Maestra?"

Wannan kiɗa mai sanyi shi ne abin da ake tsallako teku a zo ji yanzu. Masu rubutu a jarida sun yi ta bayani a kan inda ya samo asali, wani ya ce daga Buenos Aires, wani ya ce daga tsoffin mawaƙan Jerez. Ni na san inda ya fito. Daga kan farin tawul ya fito, a shagon da ƙofarsa ke kuka.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne, duk tsawon shekarun nan Regla ba ta zuwa kallon wasa. Ta gwada a farkon aikinta ta daina. Ta ce in ta zauna ba ta jin komai, idonta na kan babban yatsan mutum, tana jiran facinta ya tashi. Amma Lahadin da ta wuce Balta da Griselda sun yi wasa da rana a farfajiyar wata tsohuwar ma'ajiyar ruwan inabi, na ce ko ta ƙi ko ta so sai ta je. Ta sa rigar da ta sa ranar auren 'yarta, na riƙe mata hannu muka zauna a tsakiya.

"Kina ganin yatsan?" na tambaye ta.

Ta ƙanƙance ido. "Ko jitar da ƙyar nake gani."

"To sai ki haƙura ki saurara."

Ta saurara. Ta jingina, ta rufe idon gaba ɗaya, hannuwanta a kan cinya ba sa aikin komai, abin da ban taɓa gani ba. Da aka zo tangon nan na ga hawaye na bin kuncinta, ba ta share ba. Ta matso kusa da kunnena ta ce, "Fermín, ashe abin da suke yi da farcen ke nan?"

Da aka tashi, Balta ya sauko ya ratsa mutane, masu miƙo masa hannu yana ba su hagu kamar yadda ya saba. Da ya iso gabanta sai ya miƙa mata dama, a gaban kowa. Ta riƙe, ta shafa babban yatsan da nata yatsan, ta bi gefen farcen a hankali.

"Wannan naka ne?"

"Nawa ne, Tita. Ba gam, ba ƙwallo. Duka biyar."

"To madalla," in ji ta. "Ka ga na tashi aiki ke nan."

Regla mai farin tawul, uwar hannun dama, mun gode. Na gode a madadin masu jitar da suka manta su faɗa, da matan da kika koya wa mazansu shara, da duk wanda ya taɓa zama ya ji Balta da Griselda bai san da ke ba. Ku kuma masu ƙaramin tebur a ko'ina kuke, masu aikin da ba a rubuta sunansu a jikin bango, ku dubi matar nan. Ku iya aikinku har a kasa yi ba ku, ku riƙe asirin wanda ya miƙo muku hannu, kuma ranar da abin da yake roƙo zai cutar da shi, ku yi ƙarfin halin hana shi, ko da zai koma bin ɗaya gefen titi.

Ta ce in ta rufe shagon za ta bar min kwalbar ƙwallayen, in yi abin da na ga dama da su. Na ce ba su nake so ba, ƙofar nake so. Zan sa a ciro ta a kafa a shagona, kuma duk wanda ya ɗiga mata mai, ni da shi ne.